Ranar da Na Sha Rake a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Ni da duk Matameye aka san ba na ɗaga wa kowa ƙafa, ni da na taɓa tare motar kaya a bakin tasha saboda direba ya take mini kwandon albasa, rannan da ƙasa ta tsage da na shige, in roƙe ta ta rufe kada ta sake buɗewa.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. Ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba sai da na aurar da 'ya'ya. A makarantar yaƙi da jahilci na koyi riƙe alli, da furfurata da komai, daga nan kuwa karatu ya kama ni kamar ƙaiƙayi. Matan lambu suka naɗa ni shugabar ƙungiyarmu (ba don sun fi sona ba, don sun san in na buɗe baki maza na yin shiru), da aka kawo wa ƙungiya ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka, ni aka tura horo wurin Madam Rakiya. Na koya kuwa. Kada wani ya ce muku ban koya ba. Ina kunnawa, ina kashewa, ina kwaso hotuna daga waya in jera su. Abu ɗaya ne ban taɓa amincewa da shi ba, ɗan kuros ɗin nan, alamar gicciye ta kusurwa, da ake dannawa a rufe taga (Madam taga take ce wa duk abin da ya buɗe a allon). Sau ɗaya na danna shi ya haɗiye mini aikin da na yini ina bugawa da yatsa ɗaya. Tun daga ranar muka raba gari. In taga ta tare mini gani, sai in kama ta ta wuya in ja ta gefen allo in ture, kamar yadda nake ture tukunya a madafa in na gama da ita.

To, duk tsiwar nan tawa, akwai mutum ɗaya a duniya da harshena ke mutuwa a gabansa, shi ne mijin 'yata ta fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda ban taɓa furta shi ba, ita ma yarinyar ba za ku ji nata a bakina ba. Haka na tarar, haka na riƙe. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa ganin fuskata sosai ba, balle kaina. Ban taɓa shan ko ruwa a inda yake ba. In na hango shi a hanya sai in tsinci wani lungu da ba ni da abin yi a cikinsa. Kowace Juma'a in an sauko masallaci yakan zo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofata, ina bayan labule, ya ce, "Inna, mun yini lafiya?" in amsa da muryar da ko kazar gidana ba ta san ina da ita ba. 'Yan zamani na yi mini dariya, wai mace mai ordinatar tana gudun suruki. Su yi. Kunyar nan ita ce darajar da ke tsakanina da shi, ita ce kuma ta 'yata a ɗakinta. Ba ni da wani abin da na fi tattali.

Sai aka sa taro. Baƙi za su zo daga wata ƙungiyar raya karkara, tare da dattawa daga Tsauni da Kurni, su ga aikin lambunmu ko ma samu injin ban-ruwa. Ni zan nuna hotuna in yi bayani. Ana gab da taron majigin da muke aro ya ƙone. Madam Rakiya ta ce kada in damu, za ta bar mini tata ordinatar, tawa ta riƙa aika mata da hoto, ɗaya ta fuskance ni, ɗaya ta fuskanci jama'a.

Ni da azarɓaɓi, na je kasuwa na sayo waya mai kai biyu, na cusa nan na cusa can, ina jira hoto ya gangaro kamar ruwa a tiyo. Shiru. Madam ta zo ta same ni ina zagin mai shago da iyayensa.

Ta ce, "Hajiya, bar bawan Allah. Ramukan nan biyu duk baki ne, babu kunne a cikinsu. Magana suke fitarwa, ba sa saurare."

"To kamar ni da Balki ke nan," in ji ni. (Balki ƙawata ce tun ƙuruciya, ita ce mataimakiyata a ƙungiya.)

Madam ta yi 'yan danne-dannenta, na'urorin suka gane juna ta iska, babu waya babu komai. Ta ce hanya biyu ce. Ko dai su zama tagwaye, duk abin da ke wannan ya fito a waccan, ko kuwa ta biyun ta zama ƙari. Ta ce, "Ki ɗauka tabarmarki ce ta yi miki kaɗan, aka shimfiɗa wata a damanta. Abin da kike so jama'a su gani, ki ja shi dama har ya fice daga allonki, zai faɗa a nasu. Abin da ya rage a gabanki, ke kaɗai ke gani."

Na zaɓi ƙari mana. Wa ke son a ga cikin ɗakinsa? Muka gwada, muka sake gwadawa, har na iya haɗa su da kaina. Madam ta tafi Damagaram wani aiki hankalinta kwance. Ku lura, an gaya mini. Da Hausa aka gaya mini, da misalin tabarma. Ba ni da wanda zan ɗora wa.

Ranar taro da hantsi ina shirya tebur a ɗakin taronmu, sai ga Balki ta faɗo tana haki.

"Shugaba, kin ji wanda aka turo?"

"Wa?"

"Babbansu ba shi da lafiya. Surukinki ne zai jagoranci baƙin."

Na san ma'aikacin gona ne, amma ban taɓa kawo wa raina aikinsa zai ratso ta kaina ba. Na tsaya da tsumma a hannu. Ni, in tsaya a gabansa tsaye, in ɗaga murya, ina nuni da hannu? Balki ta ce ita ba za ta iya bayanin ba, bakinta rawa yake a gaban maza. Nan take dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina matuƙa. Ɗakin taron na da ƙofa zuwa ɗakin ajiyarmu, inda muke tara buhunan albasa, da labule mai kauri a tsakani. Na bar ordinatar ɗin Madam a kan tebur tana fuskantar bencina, na kwashi tawa na shige ɗakin ajiya, na ɗora ta a kan buhu. Iska ba ta san labule ba. Murya kuwa, Allah bai rage ni da ita ba.

Na ce wa Balki, "Kin ga amfanin karatu? Ga zamani, ga kunya, kowa ya zauna lafiya."

Wallahi farkon abin ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Maza suka cika ɗakin, aka yi addu'a, na ja hotuna dama suka faɗa gabansu. Ga rijiyarmu da ta ja baya, ga mata na jan guga, ga ganyen salati ya yi yaushi, ga albasa. Ina kwararo bayani daga bayan labule, ina jin ana "Haka ne," ana "Gaskiya ne, Hajiya." Da na gama, wani dattijo ya ce a ba su lokaci su yi shawara a tsakaninsu. Na ce bismillah.

Ɗakin ajiyar nan rufin kwano ne, ba taga, ga warin albasa, ga zafi ya fara shigowa. Zufa ta jiƙa ni har ɗankwalina ya zame. Na tuna akwai kamara a jikin ordinatar, wadda na saba mayarwa madubi. Na buɗe ta, na duba fuskata, na share goro a haƙori. Sai na so in duba ko akwai hoton da na manta ban nuna ba, taga mai fuskata kuwa ta tare wurin. Hannuna bai yi shawara da kaina ba. Ya kama ta ta wuya, ya ja dama, ya ture. Ta ɓace daga gabana. Ni a wurina an gama da ita.

Balki ta nuna wata 'yar fitila fara a saman allon. "Wannan fa, me ya sa take ci?"

Na ce, "Alamar caji ce. Ke dai abin da ba ki sani ba ki bar wa masu shi."

(Duk lokacin da na tuna da yadda na ɗaga hanci na faɗi maganar nan, sai in ji kamar in mari kaina.)

Daga nan na tuɓe mayafi. Na tuɓe ɗankwali. Abin da ya kamata ku sani, jiya-jiyan na fara tsifa ban gama ba, rabin kai kitso ne tsoho, rabin kuma furfura ce a tsaye cirko-cirko kamar sheƙar da iska ta watsa. Na sa yatsu goma na sosa, sosa irin ta mai neman lafiya, ido a lumshe, baki a buɗe. Balki ta zaro rake daga bayan buhu, irin mai kaurin nan na fadama. Ba wuƙa. Ni kuwa ina da haƙora. Na kafa masa turame, na murɗa kai na yage ɓawon, na gatsa, na tsotsa, ruwa na bin haɓata yana gangarowa har gwiwar hannu, na tofar da tuƙa a tafin hannu. Duk wanda ya san shan rake ya san ba abin da ake yi a gaban mutane da mutunci ba ne. Ni kuma na zauna daidai gaban allon, don nan ne buhun ya fi laushi.

Ɗakin maza ya yi tsit. Ba tari, ba motsin benci.

Na raɗa wa Balki, "Kin ji? Bayanina ya shige su. Sun rasa ta cewa."

Daɗin nasara ya hau mini kai, sai shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata. Na ce, "Tsaya ki ga yadda surukin nawa yake zaune yanzu." Na gyara zama, na tattara gira, na yi kamar na cire tabarau ina goge shi da bakin riga, na mayar a karan hanci, na shafa gemun da ba ni da shi, na tsuke baki ina "bon, bon, bon," kamar yadda yake yi in zai yi sallama, irin ta waɗanda suka sha faransanci. (Ta gefen labule ai ana ganin abubuwa da yawa a shekarun nan.) Har durƙusonsa na yi, da yadda yake karkatar da kai kamar zakara ya hango shaho. Balki ta toshe baki da mayafi ta kife a kan albasa, kafaɗunta na rawa. Na koma wa rakena.

Sai na ji an yi gyaran murya a can. Malam Habu ne na Tsauni, ɗan kawuna, taubashina, tsohon da tun muna yara bai taɓa raga mini ba.

"Baiwata!"

Na haɗiye ruwan rake, na gyara murya. "Na'am, marar kunya. Kun gama shawarar?"

"Da saura. Tambaya ce da mu. Raken nan na wane lambu ne?"

Na dubi labule. A rufe yake ruf, ko yatsa ba zai shiga ba. Na dubi Balki, ta dube ni.

"Wane rake?"

"Wanda kike kokawa da shi mana. Ki riƙa bi ta dama, haƙorin nan na hagu mun ga yana girgiza."

Jama'a, na sha jin ana cewa jini ya daskare, ban san da gaske ake ba. Tuƙar da ke bakina ta ƙi shiga ta ƙi fita. Na rarumi mayafi na yafa a karkace, na ɗaga gefen labule da ido ɗaya. Ga ordinatar ɗin Madam a kan tebur. Ga buhunan albasarmu a cikinta. Ga ɗankwalina a yashe, ga tulin tuƙa, ga fuskar Balki ta leƙo, ido waje, baki sake, tana kallon dattawan Tsauni da Kurni ba ta sani ba. Ashe tagar da na ture, a tabarmarsu ta faɗa, ta zauna daram a kan hoton rijiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dattawa wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun cusa rawani a baki, wani baƙo ya kifa fuska a kan gwiwa bayansa na tsalle. Shi kuwa, shi da nake gudun ya ga ko farcen ƙafata, ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci bango kamar yaron da mushe, malamin lakwal, ya hukunta, hularsa a hannu, ƙeyarsa na sheƙi da zufa.

Na saki labule na faɗa kan ordinatar ɗina, ina neman tagar in rufe. Ina take? Ba ta a allona, ai na kore ta da kaina. Na kai fuskata dab da allon ina lalube, ina salati. Sai muryar Habu: "Ja baya kaɗan, baiwata, yanzu ƙofofin hancinki kawai muke gani!" Nan ne ɗakin ya fashe. Dattawan da suka yi ta riƙe dariya suka sake ta gaba ɗaya, har da masu buga benci. Na kama murfin na'urar na rufe ta da ƙarfin da na ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ɗakin ajiya ba shi da wata ƙofa sai ta cikin maza. Haka muka zauna ni da Balki a kan albasa, ba mai kallon wata, har aka yi addu'ar tashi, har motar baƙi ta tafi, har na tabbatar ko akuya ba ta rage a harabar ba.

Da yamma Habu ya biyo ni gida, wai ya zo jaje. Na ce ya faɗa mini gaskiya don darajar iyayenmu, daga ina aka fara gani.

"Daga goron haƙori."

"Kuma ba wanda ya iya rufewa? Maza cike da ɗaki?"

"Mu ba mu san hannunta ba, kada mu ɓata kayan mutane. Surukinki kaɗai ya iya. To yana ganin hannunki ya nufi ɗankwali ya juya bango. In zai rufe, dole ya waiwayo ya dube ki. In zai yi magana, da wane bakin zai ce wa surukarsa ta rufe kai?"

Zuciyata ta ɗan sauka. Na ce, "Ke nan bai ga sauran ba."

Habu ya gyara zama. "Bai gani ba. Amma ai ba a bar baƙo cikin duhu. Ina kusa da shi, ina raɗa masa. Na ce yanzu ta kama gaɓa ta gaba. Yanzu tana goge tabarau. Yanzu ta ce bon."

Na jefe shi da muciya. Na yi kuskure, ta samu randa.

Ban leƙa ko zaure ba a kwanakin da suka biyo. An aiko cewa an amince da injin, na ce a kai wa Balki albishir, ni ba na nan. Abin da ya hana ni barci ɗaya ne: Juma'a na tafe. In bai zo ba, to abin da na yi shekaru ina ginawa ya rushe, kuma ni na rushe shi da gaɓar rake. In ya zo ya yi dariya, ko ya ce, "Inna, ba komai," wannan ya fi muni, don ke nan ya gani, ya kuma ce ya gani. 'Yata ta zo, ta zauna, ta yi ta zancen tsadar tattasai, ba ta taɓo zancen taron ba, ni ma ban tambaya ba. Da za ta tafi na ga tana cizon leɓe.

Juma'a aka sauko masallaci. Ina zaune bayan labule da mayafi biyu a kai. Na ji sallama. Na ji an cire takalmi a zaure. Na ji durƙuso a bakin ƙofa.

"Inna, mun yini lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gida, ya ƙoƙari?"

"Da godiya."

Ya tambayi ciwon gwiwata, ya tambayi awaki, ya ce yara na gaishe ni. Muryarsa daidai, ba ta hau ba ba ta sauka ba, kamar ba a taɓa ƙera ordinatar a duniya ba. Hawaye suka cika mini ido, na ce a raina, Allah ya yi wa uwar da ta haife ka albarka. Sai ya zo sallama. Na ji ya ja numfashi, leɓɓansa suka haɗu, ya ce, "Bo…" ya tsaya cak. Ni ina nan na danne bakina da mayafi, shi yana can yana kokawa da nasa. Can ya ce, "To. To, Inna, a huta lafiya." Takalmansa ma a hannu ya fita da su.

Har yau yana zuwa, har yau ina bayan labule, kuma 'yata ta ce ko a biro, wurin aikinsa, an daina jin kalmar nan a bakinsa. Na raba bawan Allah da faransancinsa ba da niyya ba.

Ni dai abin da na tsinta a ciki, ga shi kyauta ga mai so: abin da ka ture gefe bai tafi ko'ina ba, gaban wani ya koma, kuma sau da yawa gaban wanda ka fi jin kunya. In kuwa ƙawarki ta nuna miki fitila tana ci ta tambaye ki dalili, 'yar'uwa, kafin ki ɗaga mata hanci, ɗaura ɗankwalinki tukuna.